SANƘARAU: TARIHIN ƘWAYAR CUTA MAI RIGUNA GOMA SHA BIYU

A farkon shekarar 2017 annobar sanƙarau ta ɓarke a jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Kafin damina ta sauka an lissafa sama da mutum 14,000 da suka kamu, sama da 1,100 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, 'yan shekaru kaɗan kafin nan aka bi gari-gari da ƙauye-ƙauye ana yi wa yara da matasa allurar rigakafin sanƙarau, har ana cewa an kusa ganin bayan cutar. To in allurar ta gaskiya ce, me ya dawo da ciwon? Wasu suka ce an yaudare su, wasu suka ce dama can allurar ruwa ce.

Amsar wannan tambaya tana cikin jikin ƙwayar cutar kanta, wato irin sinadaran da aka gina ta da su, da yadda masana suka kwashe sama da shekara ɗari suna karkasa ta gida-gida. Mu ɗalibai da ke karatu a waje mun saba ganin haruffan nan huɗu, A da C da W da Y, a takardar allurar maniyyata aikin Hajji, ko a wasiƙar da jami'o'in Ingila kan aiko wa sababbin ɗalibai. Wannan maƙala za ta bi tarihin waɗannan haruffa: daga ina suka fito, me suke nufi, kuma me ya sa rayukan dubban mutane a ƙasashenmu suka rataya a kansu.

Kafin a ga ƙwayar da ido

Sunan da Bahaushe ya raɗa wa cutar ya fito ne daga alamarta mafi bayyana, wato sanƙarewar wuya. Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Ƙwayoyin cuta iri-iri kan jawo wannan kumburi, amma wadda ta shahara da tayar da manyan annoba a ƙasashenmu guda ɗaya ce, kuma ita za mu bi.

Bayani na farko da likitoci suka yarda da shi a kan annobar ya fito ne daga birnin Jeneba a shekarar 1805, inda wani likita mai suna Gaspard Vieusseux ya rubuta labarin wani zazzaɓi mai kashe yara cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya ci rayuka 33. A 1806 aka ga irinsa a jihar Masacusets ta Amurka, a 1840 kuma ya bayyana cikin sojojin Faransa a Aljeriya. A wancan zamani babu wanda ya san musabbabinsa. Ana dai dangana shi da gurɓatacciyar iska.

Sai a 1887 wani likitan binciken gawa a birnin Biyana na ƙasar Austiriya, Anton Weichselbaum, ya ɗebi ruwan ƙwaƙwalwar wasu mutum shida da suka kamu, ya duba a madubin likita. Ya ga wasu ƙananan halittu zagayayyu suna zaune bibbiyu, kowace ta fuskanci 'yar'uwarta kamar ɓarin gyaɗa biyu, kuma mafi yawansu a cikin fararen ƙwayoyin jini suke. Faɗin kowace bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ya ba ta suna da Latin, Diplococcus intracellularis meningitidis, ma'ana 'yan tagwayen ƙwayoyi mazauna cikin tantani masu kumbura rufin ƙwaƙwalwa. Sunan bai wuce bayanin abin da ido ya gani ba, domin a lokacin siffa ita ce kusan duk abin da ake da shi na rarrabe bakteriya.

Marinar Gram da dangin Neisseria

Shekara uku kafin aikin Weichselbaum, wato a 1884, wani likita ɗan ƙasar Danmak mai suna Hans Christian Gram da ke aiki a Balin ya gano wata dabarar rini. Ana shafa bakteriya a kan gilashi, a zuba mata shuɗin rini irin jibi ɗin nan da ake shafa wa ƙurji, a bi da aidin, sa'an nan a wanke da barasar asibiti. Wasu bakteriya sukan riƙe shuɗin gam, wasu kuma su zubar da shi, sai a sake rina su da ja domin a iya ganinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya san akwai yadin da ke kama baba, akwai kuma wanda wanki ɗaya ke koɗar da shi. Da wannan rini aka raba duniyar bakteriya gida biyu, masu kama rinin Gram da marasa kamawa. Ƙwayar sanƙarau tana cikin marasa kamawa.

Gram kansa bai san dalilin bambancin ba. Sai a shekarun 1950 da 1960, bayan an sami madubi mai aiki da lantarki an kuma iya tsattsage bangon bakteriya a auna sinadaransa, aka gane sirrin. Masu kama rini suna da bango mai kauri da aka saƙa da sukari da guntayen furotin, ana kiransa feftidogilaikan, shi ke tare shuɗin ya hana shi fita. Marasa kamawa kuwa nasu bangon siriri ne, amma suna da ƙarin fata ta maiƙo daga waje. A cikin wannan fata ta waje ne ƙwayar sanƙarau ke ɗauke da dafinta, wani haɗin maiƙo da gajeren sukari da ake kira endotoksin. Tana yawan tsinke guntayen fatar tana watsawa cikin jini, jiki kuma ya mayar da martani fiye da ƙima: jijiyoyin jini su riƙa yoyo, hawan jini ya faɗi, jini ya taru a ƙarƙashin fata. Shi ya sa mutum kan wayi gari lafiya lau, kafin wata safiyar ya cika.

Ta fuskar dangantaka kuma, tun a 1879 Bajamushen nan Albert Neisser ya gano ƙwayar da ke jawo ciwon sanyi na saduwa, ita ma 'yan tagwaye ce marar kama rini. A 1885 wani masani ɗan Italiya, Vittore Trevisan, ya raɗa wa jinsin suna Neisseria domin girmama shi. Da aka ga kamannin ƙwayoyin biyu ya yi yawa, sai aka shigar da ta sanƙarau cikin wannan jinsi, sunan da ya zauna daga ƙarshe shi ne Neisseria meningitidis. Binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya tabbatar da cewa 'yan ɗaki ɗaya ne. A tsarin yau ana sa ta cikin iyalin Neisseriaceae, ajin Betaproteobacteria, a babban reshen da aka daɗe ana kira Proteobacteria kafin a sauya masa suna zuwa Pseudomonadota a 2021.

Yadda ake bambanta 'yan'uwan biyu a ɗakin gwaji ma sinadari ne. A ba su sukari iri-iri su ci: ta ciwon sanyi gulukos kaɗai take sarrafawa ta fitar da tsami, ta sanƙarau kuwa tana sarrafa gulukos da maltos. Amma babban bambancin shi ne ta sanƙarau tana da riga, 'yar'uwarta ba ta da ita.

Rigar sukari da haruffanta

A farkon ƙarni na 20 maganin da ake da shi shi ne ruwan jinin doki. Akan yi wa doki allurar ƙwayar cutar, jikinsa ya ƙera makaman garkuwa, a tace jininsa a ɗura wa marar lafiya ta gadon baya. Simon Flexner na Cibiyar Rockefeller da ke Niyok ya bayar da rahoto a 1913 cewa wannan hanya ta rage mace-mace daga sama da kashi 70 cikin ɗari zuwa kimanin 30. Sai dai likitoci sun lura cewa ruwan jinin kan yi aiki a kan wani marar lafiya, ya ƙi yi a kan wani. Tun a 1909 wani likitan sojan Faransa, Charles Dopter, ya nuna cewa akwai ƙwayoyin da a madubi ba su da maraba da sauran, amma ruwan jinin ba ya kama su. Kama da wane dai ba wane ba ce. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, cutar na cin sojoji a barikokin Ingila, Gordon da Murray suka raba ƙwayar gida huɗu bisa irin ruwan jinin da ke dunƙule kowace.

Faransawa na da nasu sunayen, Ingilishi na da nasu, Amurkawa ma haka, har abin ya zama ruɗani. A farkon shekarun 1950 aka daidaita a kan haruffa A da B da C da D, kuma wata masaniya Ba'amurkiya, Sara Branham, wadda ta shafe shekaru tana tattara samfuran ƙwayar, tana cikin waɗanda suka fi yin tasiri a wannan aiki. A 1961 Slaterus na ƙasar Holan ya ƙara X da Y da Z, a 1968 kuma masu binciken sojan Amurka suka ƙara wanda aka daɗe ana kira W135, aka taƙaita shi zuwa W a 2013. Rukunin D daga baya an soke shi da aka gano ba shi da riga ko kaɗan. A yau rukuni 12 aka sani, shida daga ciki ne ke jawo kusan duk cutar: A, B, C, W, X da Y.

To mene ne ainihin abin da harafin ke nunawa? Ƙwayar tana lulluɓe kanta da doguwar sarƙar sukari mai santsi, wadda ke hana fararen ƙwayoyin jini damƙe ta. Wannan ita ce rigar, kuma kowane harafi da irin zaren da aka saƙa tasa da shi. Rigar A an yi ta da wani sukari mai suna manosamin, ana haɗa ɗaya da ɗaya da fosfet. Ta X ma fosfet ke ɗaure ta, amma sukarinta gulukosamin ne. B da C kuwa duka da sinadari guda aka yi su, wato sayalik asid. Bambancinsu kawai wurin ƙulli ne, a B ana ɗaure lamba 2 na wannan da lamba 8 na wancan, a C kuma 2 da 9. W tana jera sayalik asid da galaktos, Y kuma sayalik asid da gulukos. Mai karatu zai ga bambancin ɗan kaɗan ne, amma garkuwar jikin ɗan Adam siffar zaren take haddacewa. Wanda jikinsa ya san rigar A, in mai rigar C ta shigo, baƙuwa ce a wurinsa.

Wani abin lura shi ne wannan ƙwaya ba ta da masauki sai ɗan Adam. Tana zaune a bayan hanci da maƙogwaron kimanin mutum ɗaya cikin goma ba tare da ta cutar da su ba, tana ƙaura daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa da kusantar juna. Kaɗan ne take kutsawa cikin jininsu, kuma kusan duk masu kutsawar masu riga ne.

Shigowarta ƙasashenmu

Rubutaccen labarin annobar farko a Afirka ta Yamma ya fito ne daga Zungeru a 1905, lokacin garin yana hedikwatar mulkin Turawa a Arewacin Nijeriya. Daga 1906 zuwa 1908 ta mamaye arewacin ƙasar da ake kira Ghana a yau ta yi ɓarna mai yawa. Wasu masana, ciki har da Brian Greenwood wanda ya yi shekarun 1970 yana binciken cutar a Zariya, suna ganin mai yiwuwa ta biyo hanyar matafiya da alhazai ce daga Sudan, inda aka ga ɓarkewarta a ƙarshen ƙarni na 19. Tun daga nan ta zama 'yar gida, takan yi babban tashi bayan kowace shekara biyar zuwa goma sha biyu.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara alƙaluman ƙasashen yankin ya zana su a taswira. Ya ga annobar tana bin wani ziri ne kudu da Sahara, inda ruwan sama na shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Wannan ziri, wanda yanzu ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa daga Senegal zuwa Habasha, ƙasar Hausa tana tsakiyarsa. Cutar kan fara da hunturu, ta tsananta da bazara, ta lafa da zarar ruwa ya sauka. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci, ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini. A duk tsawon ƙarni na 20 rukunin A ne sarkin wannan ziri, shi ke da kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na masu kamuwa.

Daga riga zuwa allura

A 1937 aka fara warkar da sanƙarau da magungunan salfa, har aka ɗauka magana ta ƙare. A 1963 sai ga ƙwayoyin da salfa ba ya ji a barikokin sojan Amurka. Wannan ya sa Cibiyar Bincike ta Walter Reed ta koma neman rigakafi, a 1969 kuma Emil Gotschlich da abokan aikinsa suka yi nasarar tace zallan rigar A da ta C, suka nuna cewa in aka yi wa mutum allurarta jikinsa zai ƙera makaman da ke kashe mai wannan riga. An gwada ta rukunin A a Masar da Sudan a farkon shekarun 1970 ta yi aiki.

Amma zallan sukari yana da rauni. Garkuwar jiki ba ta riƙe shi a ka; kariyar kan gushe bayan 'yan shekaru, ba ta kama yara 'yan ƙasa da shekara biyu sosai, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro. Saboda haka a Afirka sai aka riƙa amfani da ita kamar motar kashe gobara: a jira annoba ta tashi, a tabbatar da harafinta, a nemo kuɗi, a yi odar allura. Sau da yawa kafin ta iso mai aukuwa ta auku.

A 1987 wani zuri'ar rukunin A da ya yi annoba a Nepal 'yan shekaru kafin nan ya ɓarke a lokacin aikin Hajji. Alhazai suka koma da shi gida ba su sani ba. A 1988 ya tashi a Sudan da Cadi, a 1995 ya afka wa Nijar, a 1996 kuma ya iso Arewacin Nijeriya, inda sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. A faɗin zirin, tsakanin 1996 da 1997, an ƙiyasta mutum 250,000 sun kamu, 25,000 sun rasu. A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200 a Kano, goma sha ɗaya daga cikin yaran gwajin suka rasu, lamarin da ya kai ga shari'a ta shekaru da sasantawa da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75 a 2009. Tabon da wannan ya bari a zukatan mutane game da allura da magungunan waje bai gama warkewa ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa bayanin gaskiya a kan wannan fanni ya zama wajibi.

Bayan 1987 Saudiyya ta wajabta wa maniyyata allurar A da C. A Hajjin 2000 da na 2001 sai ga W, wanda a da ba a ɗauke shi bakin komai ba, ya kama alhazai da iyalansu a ƙasashe da dama har da Ingila da Faransa. A 2002 ya kama kimanin mutum 13,000 a Burkina Faso. Daga Hajjin wannan shekara aka wajabta allura mai haruffa huɗu. A 2006 kuma X ya yi nasa tashin a Yamai da yammacin Nijar.

Riga daban, asali daban

Waɗannan abubuwa sun nuna wa masana cewa harafi kaɗai bai isa a gane ƙwaya ba. A 1998 Martin Maiden da abokan aikinsa suka fito da hanyar karkasa bakteriya ta karanta wasu guntayen DNA na ayyukan yau da kullum na tantani, waɗanda a yanzu bakwai ake dubawa, kuma a kan ƙwayar sanƙarau aka fara gwada ta. Kowane haɗi yana da lambarsa, ana ajiye su a wani rumbun intanet da ke Jami'ar Oksfod. Da wannan aka ga cewa W ɗin Hajjin 2000 ɗan zuri'ar lamba 11 ne, zuri'ar da aka fi sani da rigar C a Turai da Amurka. Ashe ƙwayar tana iya tsintar DNA na 'yar'uwarta a maƙogwaro ta cusa cikin nata, in abin da ta tsinta na saƙar riga ne sai ta fito da sabuwar riga.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar wa Afirka allurar A mai ɗorewa, da tallafin dala miliyan 70 daga Gidauniyar Gates. Dabarar ita ce a ɗaure sarƙar sukarin a jikin furotin, domin garkuwar jiki tana haddace furotin da duk abin da ya zo manne da shi. Ingila ta riga ta yi haka da rukunin C a 1999. Jami'an lafiyar ƙasashen Afirka suka nuna cewa allurar da ta haura rabin dala ba za ta sayu ba, manyan kamfanonin Turai da Amurka kuma ba su karɓi wannan farashi ba. Kamfanin Serum Institute da ke Pune a Indiya ya karɓi aikin, ya ɗaure rigar A a jikin kasasshen dafin tetanus. A Disambar 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya da Cadi suka fara a 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Binciken da aka yi a Cadi ya nuna cutar ta ragu da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi allurar. An yi wa sama da mutum miliyan 300, kuma 2017 ce shekarar ƙarshe da aka tabbatar da rukunin A a zirin.

Nan ne muka dawo kan tambayar farko. A 2013 aka fara ganin wata sabuwar ƙwaya mai rigar C a jihar Sakkwato, mai lamba 10217, wadda ba a taɓa ganin irinta ba. A 2015 ta kama kimanin mutum 8,500 a Nijar, ita ce kuma ta yi annobar 2017 a Zamfara da kewaye. Wani bincike da aka buga a 2018 ya bi sawun asalinta, ya gano cewa kakarta ƙwaya ce marar riga da ke zaune lami lafiya a maƙogwaron mutanen yankin, sai ta tsinci DNA na saƙar rigar C da wasu makaman cutarwa. Allurar da aka yi wa mutane ta yi aikinta, ta kori A. Wanda ya zo daga baya wani ne daban da ba a yi allurar dominsa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allura mai haruffa biyar, A da C da W da Y da X, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da ita a Maris na 2024, Nijar ta biyo baya a wannan shekarar.

Harafin B da ɗalibai

Mai karatu zai lura babu B a cikin waɗannan allurai, alhali shi ne ya fi yawa a Ingila da sauran Turai. Dalilin ma na sinadari ne. A 1983 masu bincike a ƙasar Finlan suka nuna cewa ƙullin 2 da 8 na rigar B daidai yake da wani sukari da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, musamman na ɗan tayi. Jiki yana kallon rigar a matsayin nasa, ba ya yaƙarta. Dole aka bar rigar aka nemi abin da ke ƙarƙashinta. A shekarar 2000 aka karanta dukkan DNA na ƙwayar, ɗaya 'yar rukunin B, ɗaya kuma 'yar rukunin A da aka samo daga Gambiya a 1983. Rino Rappuoli da tawagarsa a birnin Siyena na Italiya suka sa kwamfuta ta tace musu furotin kusan 600 da ake zaton suna fuskar ƙwayar, suka gwada ɗaruruwa, suka zaɓi 'yan kaɗan. Daga nan allurar Bexsero ta fito, Turai ta amince da ita a 2013, Ingila ta fara yi wa jarirai a 2015.

A Turai samari da 'yan mata ne suka fi ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro, kusan ɗaya cikin huɗu a wajen shekara 19, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai wuri ne da take saurin yawo. Shi ya sa a 2015 Ingila ta fara ba matasa da sababbin ɗaliban jami'a 'yan ƙasa da shekara 25 allura mai haruffa huɗu. Ɗan'uwa da aka yi wa MenAfriVac a gida ya sani cewa A kaɗai ta rufe masa. Wanda ya yi ta Hajji kuma, ba ta haɗa da B ba. Kuma kowa ya riƙe alamomin: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarewar wuya, ƙin haske, magagi, da ɗigon jini a fata wanda ba ya ɓacewa in an danna kofin gilashi a kai. A baƙar fata ɗigon yana da wuyar gani, sai a duba tafin hannu da na ƙafa da cikin fatar ido da ganɗa, kuma kada a jira fitowarsa kafin a garzaya asibiti. Ko da magani, kimanin mutum ɗaya cikin goma kan rasu, ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi kuma kan rayu da kurumta ko wata naƙasa.

Kammalawa

Daga madubin Weichselbaum zuwa na'urar karanta DNA, kowane mataki na karkasa wannan ƙwaya ya sauya yadda ake yaƙarta: rini ya nuna bangonta, ruwan jinin doki ya nuna rigunanta, sinadarin rigar ya haifi allura, lambobin zuri'a kuma suka nuna tana musanya riga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki alƙawarin kawar da annobar sanƙarau kafin 2030. Wannan buri yana buƙatar ɗakunan gwaji a Gusau da Maraɗi da Damagaram da Maiduguri waɗanda za su iya faɗin harafin ƙwaya cikin kwana ɗaya ko biyu, domin jinkirin gane harafi shi ne jinkirin kawo allurar da ta dace. Yana kuma buƙatar masu iya yi wa iyayenmu bayani da Hausa cewa allurar bara ba ƙarya ba ce don wani harafi ya ɓullo bana. 'Yan'uwa da ke karanta ilimin ƙananan halittu da sinadarai da lafiyar al'umma a jami'o'in waje, ga aiki nan yana jiran mu a gida.